Kindle Paperwhite a hannun iyaye: tana dawo wa babba da karatu, amma yaro na buƙatar takarda

Yawancin manyan da suka daina karanta littattafai har yanzu suna son karatun, abin da ya kuɓuce musu shi ne dogon lokaci nasu na kansu. Kafin haihuwa mutum yana iya mallakar yammaci guda ko rabin dare ba tare da kowa ya kira sunansa ba, amma da zarar yara sun zo sai lokacin ya koma gutsure-gutsure: 'yan mintoci kafin jariri ya farka, rubu'in awa a layin ganin likita, da ɗan abin da ya rage tsakanin kwanciyar yara da sa'ar da barci zai ci ƙarfin mutum. Waɗannan gutsattsarin kuwa tuni suka sami mai su, wato wayar hannu, domin ita ce kullum a kusa, ita ce ba ta buƙatar fitila, kuma ita ce ake iya riƙewa da hannu ɗaya. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace na'urar karatu ita ce ko za ta iya ƙwato waɗannan mintoci daga hannun waya. A kan wannan ma'auni nake auna Kindle Paperwhite, wadda na daɗe ina amfani da ita a matsayina na uwa mai aiki, kuma ra'ayina a kanta ya rabu gida biyu: a wajen karatun babba ta cancanci yabo mai yawa, a wajen tarbiyyar yaro a kan karatu kuwa tana da gurbin da ba za ta iya cikewa ba.

Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle ta farko a watan Nuwamba na 2007, sannan ya ƙaro samfurin Paperwhite a 2012, wanda ya zo da fitila a jikinsa. Samfurin da aka fitar a 2024 yana da allo mai girman inci 7, nauyinsa giram 211, ma'ajiyarsa gigabait 16 wadda take ɗaukar dubban littattafai, kuma ana cajinsa da irin igiyar da yawancin wayoyin zamani suke amfani da ita. Wanda ya gabace shi, na 2021, allonsa inci 6.8 ne, kuma a wajen amfanin yau da kullum bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

Allon shi ne tushen komai, don haka ya kamata a fahimci yadda yake aiki. Ba irin na waya ba ne mai fitar da haske daga bayansa zuwa cikin ido. An yi shi ne da abin da ake kira tawadar lantarki, fasahar da ta samo asali daga binciken da aka yi a cibiyar MIT ta Amurka, wadda kamfanin E Ink da aka kafa a 1997 ya mayar da ita haja. A cikin allon akwai miliyoyin ƙananan kwanso, kowanne ɗauke da ƙwayoyi farare da baƙaƙe masu cajin lantarki daban-daban. Idan aka juya shafi, sai wuta ta tura wasu sama ta janye wasu ƙasa, rubutu ya bayyana, daga nan kuma ya zauna a wurinsa ba tare da ya ƙara cin wuta ba. Wannan ne dalilin da ya sa shafin yake kama da bugaggiyar takarda, yana ƙara fitowa sosai a cikin hasken rana maimakon ya dushe kamar na waya, kuma da ɗigo 300 a kowane inci ido ba ya rarrabe gefen haruffa da na littafin da aka buga. Hasarar da ke tattare da wannan fasaha ita ce rashin sauri: allon yakan yi ɗan walƙiya baƙi lokaci-lokaci idan yana share inuwar tsohon shafi, kuma duk wani abu da ya wuce juya shafi, kamar rubuta suna a wurin bincike, yana tafiya a hankali. Mai karatu yakan daina lura da walƙiyar bayan ɗan lokaci.

Ga iyaye, fitilar ta fi kowane abu muhimmanci, domin mafi yawan karatunmu a cikin duhu ake yin sa, kusa da wanda ba a so ya farka. Ƙananan fitilun suna gefen allon ne, suna shimfiɗa haske a kan shafin daga gaba, ana iya rage shi har ya zama bai wuce iyakar shafin ba, kuma tun daga samfurin 2021 ana iya juya launinsa daga fari zuwa ruwan ɗorawa mai taushi, har ma a saita masa lokacin da zai sauya da kansa. Akwai binciken da ake yawan kawowa don tsoratar da masu karatu a allo da daddare, wanda aka yi a wani asibiti mai alaƙa da Jami'ar Harvard a birnin Boston aka wallafa a farkon 2015, inda aka gano cewa masu karatun sun ɗauki ƙarin kusan minti 10 kafin barci ya ɗauke su, kuma sinadarin da ke shirya jiki ga barci ya ragu a jikinsu. Sai dai mutum 12 ne kawai aka gwada, a kan iPad suka yi karatun, da haskenta a ƙure, na tsawon awa 4 kowane dare har dare 5 a jere. Wannan ya yi nisa da halin uwar da ta rage fitilar Paperwhite ƙasa ta karanta shafi 10 tana jiran jariri ya saki nono. A nawa amfanin, karatun dare a kanta yana kai ni ga barci ne, saɓanin waya da take kore shi.

Riƙe ta da hannu ɗaya abu ne mai yiwuwa, ko da yake samfurin inci 7 ya kusa kai iyakar abin da ƙaramin hannu zai riƙe ya kuma juya shafi da babban yatsa. Ba ta da maɓallan juya shafi, taɓa allon ake yi, wanda ke nufin ɗan yatsan yaro mai shekara biyu zai iya kai mutum babi uku gaba cikin ƙiftawar ido. Ruwa ba ya lalata ta: kamfanin ya ce tana jure nutsewa a ruwa mai daɗi har zurfin mita 2 na tsawon minti 60, kuma a gidan da madara da ruwan wanka suke fantsama ko'ina wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Game da batir, adadin makonni 12 da aka rubuta an lissafa shi ne bisa karatun rabin awa a rana, da intanet a kashe da haske matsakaici, don haka mai yawan karatu ba zai kai haka ba; duk da haka makonni ake ƙirgawa ba awoyi ba, kuma ma'anar hakan ita ce da wuya mutum ya sami minti 10 ɗinsa ya tarar da na'urar a mace.

Babbar falalar Paperwhite tana cikin abubuwan da ba ta iya yi. Saƙo ba ya shigowa cikinta, ba ta ƙara, ba ta girgiza, ba ta da dandalin sada zumunta, kuma ƙofar shiga intanet da aka saka mata tana da nawar da za ta sa mutum ya haƙura tun kafin shafin farko ya gama buɗewa. Sau da yawa akan ce ai akwai manhajar Kindle kyauta a waya, littattafan nan ne dai, to mene ne amfanin ɗaukar na'ura ta biyu? Amsar tana ga duk wanda ya taɓa buɗe littafi a waya da kyakkyawar niyya, saƙo ɗaya ya faɗo daga sama, ya farga bayan rabin awa yana kallon abin da bai yi niyyar kallo ba. Mutumin da ya wuni yana aiki da hidimar yara ba ya da sauran ƙarfin da zai yi ta kokawa da zuciyarsa a ƙarshen dare, kuma rashin adalci ne a ɗora masa laifin kasala alhali an ƙera waɗancan manhajoji ne musamman domin su riƙe shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba abubuwan biyu: waya ta kwana a wani ɗaki tana caji, na'urar karatu ta kwana a gefen gado. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar mallakarta, sauran duk ƙari ne.

Akwai ɗan ƙaramin rubutu a kusurwar ƙasa ta shafi wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a yawancin sharhin da ake yi. Na'urar tana lura da saurin karatun mai ita, sai ta riƙa nuna masa mintocin da suka rage ya gama babin da yake ciki. Ga wanda yake da dukan yini wannan ado ne, amma ga wanda yake da minti 12 kafin a tashi yara daga makaranta, ganin cewa minti 9 suka rage a babin shi ne bambancin buɗe littafi da buɗe waya. Ƙiyasin ba ya zama daidai kullum, musamman idan an bar shafi a buɗe an tafi rarrashin wani, amma yana kusa da gaskiya gwargwadon buƙata. Lissafin da ke bayan wannan yana da ban ƙarfafa gwiwa. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a ƙasar Beljiyam ya haɗa sakamakon bincike 190 a 2019, ya samu cewa babban mutum yana karanta kimanin kalmomi 238 a minti ɗaya idan yana karatun zuci da Ingilishi. Da irin wannan sauri, littafi mai kalmomi 80,000 zai ci awa biyar da rabi, wato makonni uku ga mai karanta rubu'in awa a rana, wanda ya kai littattafai 16 a shekara. Ko an raba wannan adadi biyu saboda rashin lafiyar yara da gajiya da tafiye-tafiye, abin da ya rage ya fi ƙarfin a raina shi. Ikon ƙara girman haruffa ma yana taimakawa a nan, domin idon da ya gaji da dare yana gudu a kan manyan baƙaƙe fiye da ƙananan da ake matsawa a littattafan aljihu, kuma yawan juya shafi yana sa mutum ya ji yana ci gaba.

Inda ban gamsu da tsarin ba shi ne ƙirgen ranaku a jere da manhajar Kindle take nunawa, wanda yake komawa farko idan aka tsallake rana ɗaya. Wanda ya tsara shi bai yi la'akari da daren da zazzaɓi zai hana kowa a gida runtsawa ba. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 na tsawon makonni 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a ta ci ko sha ko motsa jiki. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba. Abin da ya fi tasiri shi ne maimaita aikin a yanayi iri ɗaya, kamar bayan wani abu da ake yi kullum. Ba a kan karatu aka yi binciken ba, amma darasinsa ya dace da shi sosai, kuma shawarata ga duk wanda ya sayi na'urar ita ce ya ƙyale wancan ƙirge, ya ɗaura karatunsa a jikin wani abu da ba ya tsallakewa, kamar kashe fitilar ɗakin yara.

Kantin littattafan da ke cikin na'urar yana da alheri guda babba, wato damar sauke farkon kusan kowane littafi kyauta kafin a saya. Babban da yake dawowa karatu bayan shekaru yakan fara da littafin da yake ganin ya kamata ya karanta, mai nauyi da daraja, ya maƙale a shafi na 40, kunya ta hana shi ajiyewa, rashin daɗi ya hana shi ci gaba, daga nan karatun ya sake mutuwa. Ɗanɗana farkon littattafai biyar a dare ɗaya a zaɓi wanda ya riƙe zuciya yana maganin wannan matsala. Sai dai kantin na ɗan kasuwa ne, kuma ba ya ɓoye hakan: shafin farko na na'urar cike yake da littattafan da ake tallata wa mai ita, saye ba ya wuce taɓawa ɗaya, kuma a wasu ƙasashe samfurin da ya fi sauƙin kuɗi yana nuna talla a fuskarsa duk lokacin da aka rufe shi. Sayen littafi yana ba da wani jin daɗi mai kama da na karanta shi, har mutum ya tara ɗaruruwa bai buɗe ba. Maganin da na samu shi ne kashe intanet ɗin na'urar gaba ɗaya, a kunna shi kawai idan an gama littafi ana neman na gaba, wanda kuma yake ƙara wa batir kwana.

Ƙamus yana fitowa da zarar an danne kalma, ba tare da an bar shafin ba, kuma ga mai karatu da harshen da ba nasa na gado ba wannan babban sauƙi ne, musamman da yake na'urar tana tara kalmomin da aka duba domin a yi bitarsu daga baya. Ana iya shata jimla a ajiye. Akwai kuma layin da take ja a ƙarƙashin jimlolin da sauran masu karatu suka fi shatawa, wanda nake ba da shawarar a kashe tun ranar farko, domin yana gaya wa mutum inda zai ji daɗi tun kafin ya isa wurin.

Ba kowane irin littafi ne ya dace da ita ba. Wani nazari da Pablo Delgado da abokan aikinsa a Jami'ar Balensiya ta Sifaniya suka wallafa a 2018, wanda ya haɗa bincike 54 da mahalarta fiye da 170,000, ya nuna cewa fahimta ta ɗan fi kyau a takarda idan rubutun na bayani ne kuma ana karatun cikin ƙurewar lokaci, amma a labari ba a ga bambanci mai ma'ana ba. Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a ƙasar Norwe ta gwada Kindle kanta da littafin takarda a kan wani gajeren labari, ta samu cewa masu karatun sun yi daidai a yawancin abubuwa, sai dai masu na'urar sun fi rauni wajen jera abubuwan da suka faru bisa tsarinsu. Wannan ya yi daidai da abin da hannu yake ji: a littafin takarda kauri yana ƙaura daga wannan hannu zuwa wancan, mutum yana tuna cewa abu kaza yana can kusa da farko a saman shafi, alhali a na'ura kowane shafi wurinsa ɗaya. Don haka labarai da tarihin rayuwa da duk abin da ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe suna tafiya lafiya a kanta, amma littafin darasi mai jadawali da taswira, ko wanda ake yawan komawa baya a cikinsa, ya fi kyau a takarda. Takardun PDF kuwa wahala ce a allo mai inci 7.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna a matsayin uwa. Ɗaya daga cikin dalilan da suke sa iyaye son komawa karatu shi ne yaransu su taso suna ganin karatu abu ne da manya suke yi don jin daɗi, ba hukuncin makaranta ba. To amma me yaro mai shekara huɗu yake gani idan mahaifiyarsa tana riƙe da Paperwhite? Yana ganin ta sunkuyar da kai a kan wani baƙin allo, daidai yadda take yi da waya. Ba ya ganin bango mai hoto, ba ya ganin kaurin littafin yana raguwa daga dare zuwa dare, ba zai tarar da shi a kan kujera ya buɗe ya tambayi abin da ke ciki ba. Gani ya kori ji, kuma duk bayanin da za a yi masa cewa wannan allon daban yake da wancan ba zai kai ƙarfin abin da idonsa ya nuna masa ba. Littattafai dubu a cikin na'ura ba sa cika ko kanta ɗaya a ɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna da nazarin da Mariah Evans ta Jami'ar Nebada ta jagoranta a 2010 a kan ƙasashe 27, wanda ya samu cewa yaran da suka taso a gida mai littattafai da yawa sun yi kimanin shekara 3 a makaranta fiye da na gidan da babu littafi, ko da an cire tasirin ilimin iyaye da sana'arsu. Ba tarin takardar ne yake koyarwa ba, alama ce ta gidan da karatu yake da gurbi a cikinsa, amma alamar sai an gan ta take aiki.

Akwai abubuwan da suke rage wannan giɓi, ko da ba su toshe shi ba. A samfurin da ba ya ɗauke da talla ana iya saita na'urar ta riƙa nuna bangon littafin da ake karantawa idan an rufe ta, kuma wannan kaɗai yakan jawo tambaya daga yaro. Yana da kyau a nuna masa shafin, a bar shi ya ga haruffa ne zalla, a karanta masa jimla ɗaya da ƙarfi, a kuma riƙa kiran abin da sunansa, a ce ana karanta littafi ne. Tsarin da ya zauna mini shi ne na raba lokutan: da rana, a gaban yara, littafin takarda nake riƙewa, ko da kuwa shafi biyu zan samu, na'urar kuma ta dare ce da wuraren jira. Hakan yana nufin karanta littattafai biyu a lokaci guda, wanda ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato idan ɗaya labari ne ɗaya kuma na bayani.

A wajen karanta wa ƙananan yara kuwa ba na ba da shawararta ko kaɗan. Allon fari da baƙi ne, ƙarami ne, littafin hotuna yana rasa ransa a cikinsa, kuma ko samfurin Colorsoft mai launi da aka fitar a 2024 bai canza girman shafin ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara tun 2014 cewa a fara karanta wa yaro da ƙarfi tun daga haihuwa, kuma amfanin hakan yana cikin hirar da ke gudana a gefen labarin: nuna hoto da yatsa, tambayar me zai faru, komawa shafin da aka wuce don yaron ya nemi a koma. Tiffany Munzer ta Jami'ar Mishigan ta lura da iyaye 37 tare da yaransu 'yan shekara 2 zuwa 3 a 2019, ta ga cewa sun fi yin magana da juna a kan littafin takarda fiye da na kwamfutar hannu, inda wani ɓangare na maganar yakan koma kan na'urar kanta, wa zai riƙe, wa zai taɓa. Ba da Kindle aka yi gwajin ba, amma duk wanda ya zauna da ƙaramin yaro da allo a tsakaninsu ya san wannan jayayya. Lamarin yana canzawa idan yaro ya kai ga karanta littattafai masu babi-babi da kansa. A nan akwai tsarin yara a cikin na'urar wanda yake rufe kanti da intanet, ya bar littattafan da iyaye suka zaɓa kawai, kuma ga yaron da ƙananan haruffa suke tsorata shi, girman rubutu da ƙamus na iya zama taimako na gaske.

Sai batun mallaka, wanda ya kamata kowa ya sani kafin ya fara tara littattafai. Abin da ake saya a kantin Kindle izinin karantawa ne ba littafin kansa ba, kuma yawancinsu a kulle suke yadda ba za su buɗu a na'urar wani kamfani ba; matsayin mai saye ya fi kusa da na ɗan haya fiye da na mai gida. A watan Yuli na 2009 kamfanin ya goge wasu littattafai daga na'urorin mutanen da suka saye su, bayan an gano cewa wanda ya saka su a kantin ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar da kuɗi, shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi afuwa, amma abin ya nuna inda ikon yake. A watan Fabrairu na 2025 kuma aka cire damar sauke littattafan da aka saya zuwa kwamfuta domin a ajiye kwafinsu. Ga iyaye wannan yana da wata ma'ana ta daban, domin littafin da ya taɓa zuciyar mutum yana so wata rana ya miƙa shi ga ɗansa, ko ya ara wa aboki, kuma wannan ba ya yiwuwa a nan yadda yake yiwuwa da takarda. Ni dai idan littafi ya kai wannan matsayi a wurina, nakan nemi bugaggensa in ajiye.

Ba dole ne komai ya fito daga kantin ba. Tun 2022 ana iya tura littattafai masu tsarin EPUB (wani tsarin littattafan lantarki da ya yaɗu a wajen kantin Kindle) zuwa na'urar, kuma taskar Project Gutenberg, wadda Michael Hart ya fara a 1971, tana da littattafai fiye da 70,000 kyauta waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Aron littattafai daga ɗakunan karatu na gwamnati kai tsaye zuwa Kindle ta manhajar Libby a Amurka kawai yake aiki, don haka wanda aro ne babbar hanyarsa a wata ƙasa ya kamata ya duba na'urorin Kobo, waɗanda suke buɗe EPUB kai tsaye kuma suke da tsarin aro a ƙasashe da dama. Haka nan kantin ya fi wadata da manyan harsunan bugu kamar Ingilishi da Jamusanci da Sifaniyanci da Japananci, saboda haka mai son karatu da wani harshe ya fara bincika ko littattafan da yake nema suna nan kafin ya sayi na'urar.

Game da wanda za a zaɓa a cikin samfuran, ƙaramar Kindle mai inci 6 tana da kaifin rubutu iri ɗaya, nauyinta giram 158 ne kawai, kuma ta fi daɗin riƙewa da hannu ɗaya, amma ba ta da haske mai ruwan ɗorawa kuma ba ta jure ruwa, waɗanda su ne abubuwa biyun da mai ƙananan yara ya fi buƙata. Samfurin Paperwhite da ake kira Signature yana ƙara ma'ajiya zuwa gigabait 32 da caji ba tare da igiya ba da hasken da yake daidaita kansa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai ƙara wa mutum shafi guda na karatu. Wanda yake da Paperwhite ta 2021 ba shi da dalilin sauyawa. Abin da ya cancanci a ƙara a kai shi ne marufi mai maganaɗisu, wanda yake tayar da na'urar da zarar an buɗe shi ya kwantar da ita idan an rufe, yana kuma kare allon, domin ƙarƙashin fuskar akwai siririn gilashi da ba ya jure gwiwar yaro idan ya hau gado da gudu.